Gwaggo Mai Kiran Hannu

Daga Allah muke, gare shi kuma Gwaggo ta riga mu komawa. Ban samu jana'izarta ba. Wayar da Baba ya buga ta iske ni a makarantar horon malamai can kurmi bayan an binne Gwaggo, motar kayan da na shiga kuma ta kwana a bakin kogi a Yeji muna jiran jirgin fito. Na iso Tamale ana gobe sadakar bakwai.

Gwaggo yayar Baba ce. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, don haka na zaci zan tarar da gidanmu na Zango shiru. Sai na ga takalma tun daga bakin zaure. Mata ne cike da tsakar gida, daga Gumbihini, daga Dabokpa, wasu ban ma taɓa ganinsu ba, kuma kusan kowacce ta taɓa zama a gindin mangwaronmu tana koyon kaɗi a wurinta.

Baba yana zaure yana amsa gaisuwa. Da na durƙusa, ya ce, "Kin iso?" Ya ɗauko goro ya raba biyu kamar yadda ya saba, ya miƙo mini rabi ya ce in kai ciki. Har na karɓa kafin mu tuna, ni da shi, cewa mai cin rabin nan ba ta nan. Ya juya fuskarsa wajen bango.

Inna ta yi shekara da shekaru tana mitar audugar Gwaggo na faɗa mata cikin miya. Yanzu ita ce ta hana a share gindin mangwaro. Matar wani malamin makaranta, Kirista daga kurmi, tana zaune kusa da ita tana ta maimaitawa da Hausarta ta kasuwa, "Maman nan ya koya mini kaɗi, bai tambaye ni coci ko masallaci ba."

Da la'asar wata tsohuwar Badagomba ta shigo da kwandon auduga a ka, tun daga Dungu a ƙafa. Duk kaka haka take zuwa, labarin kuwa bai kai gonarsu ba. Da aka gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta sauke kwandon, ta zauna kusa da shi, ta ce, "Ya tafi? To yanzu wa zai kira sunana?" Matan da suka gane abin da take nufi, su suka yi kukan.

Kowa ya yi mini sannu da hanya, ana ce mini malama. Mutum ɗaya ce ba ta ɗaga kai ba, Sanatu, ƙawata tun muna yara, 'yar mai tubani ta bakin kasuwa. Tana dakan gumbar sadaka da goyo a bayanta, goyon da ban ma san an haifa ba.

Akwai maganar da na yi shekara uku ina ɗauke da ita, ina cewa sai na zo hutu in faɗa wa Gwaggo. Hutu ya zo ya wuce sau da yawa, ina fakewa da nisan hanya. Yanzu mai jin maganar ta tafi. Saura Sanatu, ban kuma san ko za ta saurara ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Gwaggo, amma ba yadda zan faɗi ko wace ce ita ba tare da na faɗi abin da na yi mata ba.

Ƙaramar mace ce, siririya, yatsunta kullum fari fat da allin kaɗi. Makarantarta tabarma huɗu ce a gindin mangwaro, bayan la'asar. A ta farko ana gurza auduga a kan dutse don fitar da iri. A ta biyu ana shiɓa ta da ɗan baka har ta tashi kamar kumfa. Ta uku da ta huɗu na masu mazari ne. Ita kuma tana jingine da bango wajen masaƙarta, da ƙwarya kife a gefenta. In ta ga dama sai ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da zoben azurfarta ta ce, "Juya." Nan take kowa ta bar abin da ke hannunta yadda yake, ta koma tabarma ta gaba.

Ba abin da muka tsana kamar wannan. Yarinya ta sami zare yana tafiya sumul, sai ta bar wa wadda ta zo shekaranjiya.

"Gwaggo, bari in ƙarasa, saura kaɗan."

"Saura kaɗan ɗin rabon 'yar'uwarki ne. Tashi."

"Za ta ɓata mini."

"Ta ɓata miki? Yaushe aka ba ki? Audugar nan daga Dungu ta zo, ba ta san sunanki ba."

Tambayarta ɗaya ce a kan komai: hannu nawa? In aka kawo mata tuwo ba ta yaba miya sai ta ji wa ya ɗebo ruwan, musamman da rani, lokacin da mata ke tafiya mai nisa kafin su sami na girki. Baba ya taɓa shigowa da sabuwar riga yana taku ɗai-ɗai, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ƙanena, riga ta yi kyau. A ciki wanne ne naka, ban da wuyan da ka zura?"

Babban abin shi ne kiran hannu. Duk ranar da aka sauke saƙa, sai a shimfiɗa ta a tabarma, kowa ta ɗora tafinta a kai, Gwaggo ta fara kira daga tushe. Wadda ta shuka ta tsinka ita ce ta farko, shi ya sa tsohuwar Dungu ta san ana kiran sunanta a wani gida cikin birni ko tana nan ko ba ta nan. Sai masu gurza, masu shiɓa, masu kaɗi, sai mai rini na bayan kasuwa. Wanda ba ya nan, wata ta amsa masa. A ƙarshe take cewa, "Sai tsohuwar da ta zauna ta haɗa." Ba a sayar da zane kafin a yi wannan. Na tuna wani ɗan kasuwa mai kai kaya Kumasi yana ta sallama daga zaure.

"Uwar gida, mota za ta tashi."

"In ta tashi wata na zuwa jibi. Zauna ka ji mutanen da za ka ɗauka."

Ba zan ce ba ta da laifi ba. Tana da taurin kai, harshenta kuma yana yanka ba tare da ta ɗaga murya ba. A shekara taran da na yi a tabarminta ban taɓa jin ta ware yarinya ɗaya ta yabe ta ba, ni kuwa ina jin yunwar hakan. Da safe ina makarantar boko, inda ake jera mu bisa ga maki, ta ɗaya a gaba, kuma ni ce a gaban. Da yamma in dawo in zama ɗaya daga cikin hannaye. A kaɗi ni ce ta baya. Hankalina ba ya zama, sai in saki mazari ina kallon ƙurar auduga tana yawo cikin hasken da ke ratsa ganyen mangwaro, ina haɗa 'yan baitoci a zuciya. Yara su yi dariya, Gwaggo ta ce, "Ku bar Uwata, ta tafi yawo. Za ta dawo mana da tsaraba." Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka. In an tashi kuwa sai ta riƙe ni ta ce in rera mata tsarabar. Ita ce ma ta tsaya a kan Baba har ya yarda aka sa ni boko.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, Turawa suka shirya nunin amfanin gona da sana'o'i a babban fili. Gwaggo ta ce za mu kai gwado, fari mai ratsin shuɗi. In babban aiki ya zo, tana sa kowa inda hannunta ya fi. Sanatu aka ba zaren tsaye, ta yi wata huɗu tana kaɗa shi, siriri kamar gashi, ko'ina kauri ɗaya. Ni aka ba bakin gwadon, na yi masa furanni irin waɗanda aka koya mana a makaranta, cikin kwanaki kaɗan. Da aka sauke aka yi kira, hannu goma sha huɗu. Gwiwa ta hana Gwaggo zuwa fili, sai ta aike ni don ina jin Turanci, Sanatu ta ɗauko gwadon a ka. Kafin mu fita sai da ta sa na maimaita mata sunayen sau biyu.

A bakin rumfa akwai akawu, mutumin kurmi, da tarin 'yan katuna a gabansa. Ya ce, "Suna?" Na fara daga tsohuwar Dungu. Ban kai ta huɗu ba ya yi dariya.

"Yarinya, littafi za ka karanta mini? Duba. Layi ɗaya, suna ɗaya."

Da ma na ce ya rubuta Gwaggo. Da ma na ce ya rubuta matan gindin mangwaro. Na dubi layin nan fari, na ba shi sunana. Sanatu tana tsaye a gefena, ba ta karatu.

Can sai ga matar Disi, Baturen mulki, tana zagayawa. Furannina ko kallo na biyu ba ta yi musu ba. Ta kama gefen gwadon ta ɗaga shi wajen rana, ta bi zaren tsaye da ɗan yatsa, ta daɗe. Sannan ta karanta katin, ta tambaye ni da Turanci ko ni na kaɗa wannan zare. Na ce ni ce.

"Me ta ce?" in ji Sanatu.

"Ta ce ya yi kyau."

Ta yi murmushi har wushiryarta ta fito. Shekara uku ina ganin murmushin nan.

Matar Disi ta sayi gwadon. Ni aka ba takardar yabo da almakashi, daga baya kuma ta rubuta wasiƙar da ta taimaka aka ɗauke ni a makarantar horon malamai. Na ɓoye takardar a ƙasan akwati. Amma kwana biyu bayan nunin akawun nan ya zo saya wa matarsa zane, ya tsaya a zaure yana taya Baba murna da babbar murya: "Yarinyanka ya iya kaɗi. Matan Disi ya tambaya, ya ce shi ya yi. Bature ya yi mamaki." Tsakanin zaure da mangwaro taku goma ne. Duk mazarai suka tsaya.

Gwaggo ta ci gaba da saƙarta. Washegari na tarar da tabarma ta biyar, can gefe ita kaɗai, da kwandon auduga mai iri, da dutse, da baka, da mazari.

"Uwata, ga wurinki. Ashe muna da gwana a gidan nan ban sani ba. Ɗan ƙyallen share fuska kawai nake so, kamar tafi biyu. Ke kaɗai, daga iri har saƙa."

Kwana tara na yi a tabarmar nan. Zobe ya bugi ƙwarya, kowa ta juya, ni ina nan. Tafina ya yi kanta wajen gurza. Zaren da na samu duk ƙulli ne, nan kauri nan siriri, yana tsinkewa ina ɗaurawa. Ba wadda ta yi mini dariya, da ma sun yi. Sau ɗaya Sanatu ta miƙe za ta zo wurina, Gwaggo ta ce, "Zauna, kada ki ɓata mata suna."

Rana ta tara ta taso da kanta, tana dafa bango, ta zauna a bakin tabarmata.

"Hannu nawa ke cikin gwadon nan, Uwata?"

Lissafin kawai take so in faɗa a gaban yara. Na san shi kamar sunana. Sai na ce, "Gwaggo, layi ɗaya ne a katin. Haka ake yi yanzu. A makarantarmu wanda ya fi shi ake kira."

"To wa ya fi?"

Na ci gaba da murza mazarin.

"Ban hana ki boko ba. Ni na sa ki a hanyar nan, ki je da takardarki. Amma juya ki faɗa wa yarinyar can abin da Baturiya ta tambaye ki, da abin da kika amsa."

Na ji hankalin yaran duka a kaina, ko da yake rabinsu ƙasa suke kallo. Na jefar da mazarin na ce, "Ni ba da kaɗi zan ci abinci ba." Na shige ɗaki. Ban sake zama a gindin mangwaro ba.

Ranar tafiyata kurmi na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ɗan jira ko za ta sassauto. Yanzu na gane ita ma jira take. Direba ya yi ta danna ƙaho a waje, na tashi. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

A can, da aka fara tura mu gwajin koyarwa, na tsinci kaina ina raba yara rukuni-rukuni, ina ƙwanƙwasa tebur su juya, in an gama aiki mu kira duk wanda ya sa hannu, har mai fiƙe fensir. Malamarmu ta yaba, ta tambayi inda na samo. Wannan karon na ce wurin gwaggona. Na so in rubuto mata. Amma wasiƙa sai an karanta mata, mai karantawa kuma zai ji komai. Na bari sai hutu.

Ranar bakwai, bayan malamai sun yi addu'a an raba gumba da masa, na iske Sanatu a bayan madafa tana wanke tukwane.

"Sanatu."

"Malama."

"Ni ba malamarki ba ce."

"Haka na ji ana kira." Ta ci gaba da gogar tukunya. Na durƙusa na ɗauki ɗaya ina gogawa, ba ta hana ni ba. Sai da muka gama biyu sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Likkafaninta ita ta saƙa, bara. Ashe duk yarinyar da ta taɓa zama a tabarma, tana ajiye ɗan zarenta a tukunya. Ta ce in an gama wanka, kafin a naɗe ta, a yi kira. Ni na yi. Mun daɗe, har maza suka fara gyaran murya a waje." Ta ɗauraye hannu. "Naki na ciki."

"Wane nawa?"

"Na kwana taran nan. Na ce mata, Gwaggo, wannan duk ƙulli ne, zai ɓata saƙar, zai ma sosa miki jiki. Ta ce jikin ba zai ji ba, in sa. Ta ce shi ma hannu ne."

Na ce, "Da aka kira ni, wa ya amsa?"

"Wa kike tsammani? An yi shiru, na ga abin zai yi tsawo."

Nan na faɗa mata abin da matar Disi ta tambaya da abin da na amsa, kalma bayan kalma, yadda Gwaggo ta nema. Ta gyara goyonta.

"Na sani tun a filin. Ba na jin Turanci, amma na ga abin da ta riƙe. Ba furenki ba ne."

"Amma kika yi murmushi."

"To me zan yi? Ƙawata ce ke magana da matar Disi." Sai yanzu ta dube ni. "Ba ni kaɗai kika cire ba. Mu goma sha uku ne, kuma yawancinsu suna tsakar gida."

Gwadon ya daɗe da haye teku. Abin da nake da shi takardar ce. Na ɗauko ta daga ƙasan akwati na shimfiɗa a gindin mangwaro, a kan audugar da Inna ta hana sharewa, na roƙi matan su matso. Na faɗa musu abin da na yi. Wasu sun sani, wasu yau suka ji. Takardar ƙarama ce, ba ta ɗauki tafin kowa ba, sai hannu ya hau kan hannu har sunana ya ɓace a ƙasa.

Na fara daga tushe. Na kira tsohuwar Dungu, ta ɗaga kai a firgice, ta amsa da harshenta, "Naa." Na kira masu gurza biyu, masu shiɓa biyu, ɗaya ta yi aure a Salaga, ƙanwarta ta amsa mata. Na kira masu kaɗa zaren kwance. Na kira Sanatu, ta bar ni ina jira kaɗan kafin ta ce na'am. Na kira mai rini. Na ce sai wadda ta yi fure a baki, na amsa wa kaina. Sannan na ce, "Sai tsohuwar da ta zauna ta haɗa." Ba a shirya wadda za ta amsa mata ba. Duka suka amsa.

Almakashin na sa shi cikin kwandon kayan aiki, inda ya kamata ya shiga tun farko. Washegari tsohuwar Dungu ta ce ba za ta koma da audugarta ba. Sanatu ta fito da tabarmi huɗu, ta kife ƙwarya, zoben azurfa a yatsanta, don ita Gwaggo ta bar wa. Ta nuna mini dutse ta ce, "Malama, ke gurza za ki fara."

An karɓe ni, amma wadda ta yi kwana tara tana jiran lissafin nan, ta ƙara shekara uku a kai, ba ta ji shi daga bakina ba. Goma sha huɗu ne, Gwaggo.

Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya yafe mata ya yafe mana. Ranar da za a kira kowa da aikinsa, Allah ya sa ta cikin na farko, ko da yake na san za ta tsaya ta ce a fara da mai auduga.